Ɗinkin Tumbi da Hanji a Aikin Rage Ƙiba, da Abin da Kan Biyo Bayansa

Ina gai da mutanen Kankiya da na Kusada, da na Rimaye, da Kafin Soli, da Yashe, da Mawashi, da dukan waɗanda za a karanta wa wannan magana a rumfar asibitin ƙauye suna jiran layi ya zo kansu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Yau zan yi muku magana a kan wani aikin fiɗa da likitoci ke yi wa mai ƙibar da ta wuce kima. Na san wani zai ce, "Malam, mu da mu ke fama da yara masu tamowa, ina ruwanmu da maganin ƙiba?" Gaskiyarsa, tamowa ita ce babbar damuwarmu. Amma ku duba, a garuruwanmu yanzu akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da matan aure waɗanda jiki ya yi musu nauyi har ya zama cuta. Waɗansu daga cikinsu su kan tafi Abuja ko Ikko, ko Masar, ko Indiya, ko Turkiyya, a yi musu wannan aiki. In an gama, ina su ke komowa? Gida, hannunku. Likitan da ya yi aikin yana can nesa, ku ne kusa. Saboda haka ya kamata ku san abin da aka yi a cikin cikin ɗan'uwanku, ku kuma san alamun da za su sa ku tashi tsaye.

WACE ƘIBA CE CUTA?

A wurinmu in mutum ya yi teɓa sai a ce ya sami hutu, in amarya ta cika sai a ce miji ya iya kiwo. Har akwai masu sayen ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe domin su yi jiki. Wannan kuskure ne babba. Kitse in ya yi yawa ya kan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da minshari mai ɗauke numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2022, cikin ko wane mutum 8 na duniya, ɗaya yana da ƙibar da ta kai matsayin cuta.

Likitoci suna da ma'auni. Su kan auna nauyin mutum da kilo, su auna tsawonsa da mita, sa'an nan su raba nauyin da tsawon har sau biyu. Ga misali: mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120, lissafinsa zai faɗa wajen 41. Daga 30 zuwa sama ƙiba ta zama cuta. A dā, bisa ga ƙa'idar 1991, sai lissafi ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta, kafin a yi zancen fiɗa. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da shi zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukarin da ya ƙi jin magani. Duk da haka ba a fara wa da wuƙa. Sai an gwada rage abinci, da motsa jiki, da magani, sun kāsa.

YADDA A KE AIKIN

Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin ragon layya ya san tumbi, ya san hanji. Tumbin mutum jaka ce guda ɗaya, tana ɗaukar fiye da lita ɗaya in ta cika. Abinci ya kan sauko ta maƙogwaro ya shiga tumbi, daga nan ya wuce ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse amfaninsa.

To, likita ya kan datse tumbin daga sama, ya ware 'yar ƙaramar jaka wadda ba ta wuce girman ƙwan kaza ba. Sauran tumbin ba a cire shi, yana nan, sai dai abinci ya daina bi ta cikinsa. Sa'an nan ya yanke ƙaramin hanji, ya jawo bakin na ƙasa ya haɗa shi da 'yar jakar. Bakin na sama kuwa, wanda ke ɗauke da ruwan madaciya da sauran ruwan narkar da abinci, sai ya haɗa shi da hanjin can ƙasa, kamar kamu biyu ko uku daga mahaɗar farko. In ka zana shi a ƙasa sai ka ga ya yi kama da gwafa. Direbobi sun san hanyar da ke kewaye gari ba ta ratsa kasuwa ba, wadda su ke kira baifas. To, sunan da Turawa suka ba aikin ke nan, domin abinci yana kewaye tumbi.

Bayan aikin mutum ya kan ƙoshi da loma kaɗan, yunwa ta ragu, sukarin jini ya sauka. Galibi a kan zubar da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin jiki a shekara ɗaya ko biyu.

Aikin ba sabo ba ne. Wani likita mai suna Edward Mason, na Jami'ar Iowa a Amurka, shi ya fara shi a 1966. Haɗin nan mai kama da gwafa kuwa ya girme shi, domin wani likitan ƙasar Suwizalan, César Roux, ya ƙago shi tun cikin shekarun 1890 saboda waɗansu cututtukan ciki. A dā sai an tsaga ciki. A 1993 wani likita a San Diego, Alan Wittgrove, ya yi aikin ta 'yan ƙananan huji, da kyamara da dogayen kayan aiki. Yanzu haka a ke yin mafi yawansa.

HANYOYI UKU NA ƊINKI

Ga inda maganarmu ta ke. Kun san gyartai mai ɗinkin ƙwarya. In ya ɗinke ƙwarya aka zuba ruwa, ba a tsakiyarta a ke duba yoyo ba, sai a bakin ɗinkin. Haka wannan aiki ya ke. Yawancin wahalar da kan biyo baya daga mahaɗar nan ta sama ta kan taso, watau inda aka haɗa 'yar jakar tumbi da hanji. Hanyoyi uku ne likitoci ke bi su haɗa ta.

Ta ɗaya, ɗinkin hannu. Likita ya ɗauki allura da zare ya bi bakin tumbi da na hanji, ɗinki bayan ɗinki, kamar mai aikin wuyan babbar riga. Galibi zaren irin wanda ke narkewa a jiki ne bayan wurin ya warke. Amfanin wannan hanya shi ne likita ke tsara faɗin ƙofar da kansa, kuma ba ta cin kuɗin kayan aiki da yawa. Aibinta, tana bukatar hannun da ya ƙware ƙwarai, domin ɗinki ta cikin huji, mutum yana kallon allo, ba wasan yara ba ne.

Ta biyu, ɗinki da na'ura mai miƙaƙƙen baki. Kun ga abin nan da akawu ke haɗa takardu da shi a ofis, ya danna, 'yar waya ta lanƙwashe ta riƙe su? To, likitoci suna da irinsa, mai jera 'yan wayoyi ƙanana sahu-sahu, da wuƙa a tsakiya. Wani likitan ƙasar Hangare, Hümér Hültl, shi ya fara ƙera irin wannan a 1908. Wayoyin na yanzu da wani ƙarfe a ke yinsu mai suna taitaniyam, ba ya tsatsa, kuma zama su ke yi a jiki har abada ba su cutar da kowa. Likita ya kan jera tumbi da hanji gefe da gefe, ya sa bakin na'urar ɗaya a nan ɗaya a can, ya danna. Nan take ta ɗinke, ta buɗe ƙofa a tsakaninsu. Ɗan hujin da ya rage sai ya rufe shi da zare.

Ta uku, ɗinki da na'ura mai zagayayyen baki. Wannan kashi biyu ce, kai da gindi. A sa kan a cikin 'yar jakar tumbi, a sa gindin a cikin hanji, a haɗa su a matse, ta ɗinke zobe guda, ta huda tsakiyarsa. Girma biyu aka fi amfani da su, mai faɗin milimita 21 da mai 25. Amfaninta, ƙofar kullum girmanta ɗaya, kuma ta fi sauƙin koyo.

To, wace ce ta fi? An bi sawun dubban mutane domin a sani. A jihar Mishigan ta Amurka an duba kusan mutum 10,000, aka bayyana sakamakon a 2011. A ƙasar Suwidin kuma an duba fiye da 30,000. Abin da aka gani shi ne na'ura mai zagayayyen baki ta fi sauran jawo zubar jini da ruɓar hujin fata. Dalili kuwa, tana da kauri, sai an faɗaɗa huji kafin ta shiga, kuma bayan ta shiga cikin hanji ta nan za a zaro ta, sai ta shafa wa fata ƙazanta. Shi ya sa yanzu a kan sa mata riga ta leda. Haka kuma ƙofarta ta fi yawan tsukewa, musamman ƙaramar, mai milimita 21. Wajen rage ƙiba kuwa, duka ukun kusan ɗaya su ke.

Amma kada wani ya ji wannan ya tafi yana koya wa likita aikinsa. Tela mai keke da tela mai allura, ko wanne in gwani ne rigarsa ba ta warwarewa. Hanyar da hannun likita ya saba da ita, ya yi ta sau ɗaruruwa, ita ce mafi aminci a gare shi. Kuma ko ta wace hanya aka bi, mahaɗar nan rauni ce a cikin ciki, tilas sai ta warke. Babu ɗaya cikin ukun da ta kuɓuta daga abubuwan da zan lissafa muku yanzu.

WAHALOLI BIYAR DA ALAMUNSU

Na fari, yoyo. Wannan shi ne mafi haɗari. In ɗinkin ya buɗe ko da kamar ƙwayar gero, ruwan hanji zai tsiyaya cikin ciki ya ruɓar da shi. A asibitocin da suka ƙware bai kan wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 ba, kuma galibi a makon farko ya kan bayyana, amma ya kan yi jinkiri. Babbar alamarsa ita ce bugun zuciya da sauri. Ku koyi ƙirga shi: ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, wajen gindin babban yatsa, ka duba agogo, ka ƙirga na minti ɗaya cur. Mai lafiya yana hutawa, daga 60 zuwa 100 ne. In ya haura 120 ya ƙi sauka, ko da majinyacin ya ce ba ya jin kome, a ɗauke shi. Sauran alamun su ne zazzaɓi, da haki, da ciwon ciki, da ciwon kafaɗar hagu, da rashin natsuwa. Kada a ce zazzaɓin sauro ne a tsaya shan magani a gida. Yoyo ba ya jiran gari ya waye.

Na biyu, zubar jini. Shi ma a kwanakin farko ya fi zuwa. Alamunsa aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko jiri, da farin ido, da gumi mai sanyi.

Na uku, tsukewar ƙofa. Kun san yadda tabon ƙuna ke tattare fata. Haka tabon ɗinki kan tattare, ƙofar ta ƙuntata. Wannan ya kan zo daga mako 3 zuwa wata 3 bayan aiki. Mutum ya fara cin abu mai laushi lafiya, sai ya ga yana dawowa, daga baya har kunu, har ruwa. Maganinsa mai sauƙi ne in an je da wuri. A zura bututu mai fitila ta baki, a hura 'yar balan-balan a wurin ta buɗe shi, ba tare da an sake tsaga ciki ba. Wani sau ɗaya ya isa, wani sai an maimaita.

Na huɗu, gyambo a bakin ɗinki. Hanji bai saba da tsamin tumbi ba, saboda haka wurin ya kan yi miki. Abubuwa biyu ne manyan masu jawo shi: shan taba, ko sigari ko shisha, da magungunan ciwon jiki irin su asfirin, da aibufurofen, da daikulofenak. Waɗannan kuwa su ne masu tallar magani ke ƙullawa a leda su sayar wa wanda ya ce jikinsa na ciwo. Wanda aka yi wa wannan aiki ya rabu da su ke nan, sai in likita ne ya ce. In ciwo ya dame shi, farasitamol zai sha. Alamar gyambo zafi ne a ƙahon zuci. Kada a jiƙa masa kanwa, a kai shi a duba. In aka ƙyale gyambo ya kan huda.

Na biyar, sarƙewar hanji. Bayan kitse ya zube, hanji kan sami wata kafa ya kutsa ya murɗe. Wannan ya kan zo ko bayan shekara ɗaya ko biyu ko fiye. Duk ciwon ciki mai tsanani da ya kama mai wannan aiki, ko da ya daɗe da warkewa, na asibiti ne a ranar.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. An taɓa kawo mana wani magidanci, ɗan kasuwa, a bayan mota, ba ya iya tsayuwa. Mako 7 ke nan da aka yi masa aikin a ƙasar waje. Tun mako na biyar ya fara amai, kome ya ci sai ya dawo. Iyalinsa, saboda ƙauna, suka ce ai abincin Turawa ne ya hana shi ƙarfi, suka tuƙa masa tuwo. Da abin ya ƙi, aka ce sammu ne, aka shiga jiƙe-jiƙe. Kwana 14 ana haka. Sa'ad da ya iso wurinmu ƙafafunsa sun mutu, yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, magana tana rikice masa. Ba wanda ya gaya mini an yi masa aiki, sai da na ɗaga rigarsa na ga tabon huji biyar. Ƙanensa ya ce wai kunya su ke ji a san ya je rage ƙiba. Muka tura shi babban asibiti a ranar. Ashe ƙofar ce ta tsuke, yawan amai kuma ya ƙarar masa da bitamin B1, wanda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba su iya aiki sai da shi. Aka yi masa allurarsa, aka buɗe ƙofar. Ya tashi, amma ya yi watanni yana dogara sanda. Da a kwana na biyu aka kawo shi, da ko kwana ɗaya ba zai yi da sanda ba. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo ba zai ɓoye shi ba.

ABIN DA ZA KU YI A GIDA

Mai jinya, ki saurara, domin galibi mata ne ke wannan ɗawainiya. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kaɗai: romo marar kitse, da madara, da kunu tsararo ba sukari. Bayan haka abu mai laushi, kamar ƙwai, da kifi, da wake da ya dahu lugub. Sai wajen mako 6 zuwa 8 zai koma abincin gida, shi ma 'yar loma, a tauna ƙwarai, a ci a hankali. In ya ce ya ƙoshi, ya ƙoshi. Kada a ce, "Daure ka ƙara." Ba rowa ba ce, ba kuwa raini ga mai girki ba, jakar ce ƙarama.

Kada ya haɗa ci da sha. A bar rabin sa'a tsakaninsu. Amma ruwa tilas ne, kurɓi-kurɓi dukan yini, har ya kai lita ɗaya da rabi, balle da bazara. Lemon kwalba, da shayi mai sukari, da fura da aka zuba wa sukari su kan faɗa hanji gaba ɗaya, sai mutum ya ji jiri, da gumi, da faɗuwar gaba, da zawo. A guje su.

Magungunan ƙarin jini, da bitamin B12, da na ƙarfin ƙashi, waɗannan har iyakar rai ne, domin bayan aikin jiki ba ya tsotse su daga abinci yadda ya kamata. A riƙa zuwa awon jini ko da sau ɗaya a shekara. Mace kuwa ta dakata da ɗaukar ciki har wata 12 zuwa 18, ta zo a ba ta shawarar tazarar haihuwa, ita da maigidanta. Zancen azumi, a tambayi likita tukuna, a kuma tambayi malamai, domin addini ya yi wa marar lafiya sauƙi.

Wanda ke shirin tafiya a yi masa aikin, ga tambayoyin da zai yi wa likita: Sau nawa ka yi irin wannan aiki? Ta wace hanya za ka haɗa? In wani abu ya taso bayan na koma gida, wa zan kira? Kada ya yi gaggawar hawa jirgi sai likita ya sallame shi. Kada kuma ya baro asibitin sai da takarda mai bayyana irin aikin da aka yi, da irin ɗinkin, da magungunan da aka ba shi. Takardar nan a adana ta kamar takardar gona.

In ɗaya daga alamun nan ta bayyana, kada a ba shi kome ta baki in yana amai. A ɗauki takardar, a nufi Babban Asibitin Kankiya ko asibiti mafi kusa, a gaya wa ma'aikaci tun daga bakin ƙofa, "An yi masa aikin rage tumbi ranar kaza." Daga nan za a san ko a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, inda a ke da manyan likitocin fiɗa. Mu a asibitin ƙauye ba mu iya gyara ɗinkin ciki, amma muna iya gane haɗari mu tura da wuri, in kun gaya mana gaskiya.

Daga ƙarshe, jama'a, rigakafi ya fi magani. Aikin nan ya ceci mutane da yawa daga ciwon sukari da hawan jini, kuma ba abin kunya ba ne ga wanda ya bukace shi. Amma wanda ya rage sukari da maiƙo tun yanzu, ya taka da ƙafarsa zuwa kasuwa da masallaci da gona maimakon hawa babur ko ina, ya zo aka auna nauyinsa da jininsa, mai yiwuwa ne ba zai taɓa bukatar a ɗinka masa tumbi ba. Ma'auni yana nan a asibitinku, ku zo a auna ku.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.